Karatun Rubutun Jita ga Ɗan Koyo: Tab, Kod da Lambobi a Fagge da Sabon Gari

Rubutun jita iri uku ne ke yawo a hannun masu koyo a Kano. Akwai tab, wato layuka shida da lambobi a kansu. Akwai zanen kod da sunayensa na haruffa, irin su C da G da Am. Akwai kuma do-re-mi da lambobin da makaɗan coci ke kira wa junansu a tsakiyar waƙa. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai cikakken rubutun kiɗa na Turawa, mai layi biyar da ɗigo masu wutsiya, wanda ake ɗaukar shekaru ana koyo. Kowannensu gajeriyar hanya ce da aka yi don ta amsa tambaya guda: tab yana faɗin inda yatsa zai sauka, kod yana faɗin sautukan da za su tashi tare, lambobi kuma suna faɗin matsayin kowane kod a cikin waƙa. Mafi yawan ruɗanin ɗan koyo daga nan yake tasowa, domin yakan nemi amsa a rubutun da ba a yi shi don ita ba.

Ƙaramar hukumar Fagge ta dace da wannan bayani, saboda a cikinta hanyoyin suka haɗu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen gaɓar teku, kamar yadda sunayen tituna irin su Gold Coast da Freetown da Abeokuta da Enugu ke shaidawa har yau. Ta hannun waɗannan baƙi jita ta samu gindin zama, a coci-coci da otal-otal da faya-fayen hailaif da juju na su Victor Uwaifo, Oliver De Coque, Prince Nico Mbarga, Ebenezer Obey da Sunny Ade. Ita kuwa tsohuwar Fagge zangon ayarin Abzinawa ce tun kafin zuwan Bature, kuma alaƙarta da Nijar ba ta yanke ba, don haka salon jitar Agadas na su Bombino ba baƙo ba ne a wayoyin matasanta. Shi ma Mdou Moctar, wani makaɗin jitar Abzinawa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. A gefe guda kuma situdiyon waƙoƙin fim sun fi dogara da fiyano na Yamaha, wanda ke kwaikwayon muryar kowane abin kiɗa. Saurayin da ya sayi jita a wannan yanki yakan ji salo uku ko huɗu a rana guda, amma da wuya ya sami malami mai ba da darasi a tsare, sai ya koma ga waya da takarda.

Kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya ba su taɓa buƙatar rubutu ba. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya guda ya yi dukan aikinsa a kan kuntigi, Haruna Uji kuma da gurmi, Garba Supa da kukuma. Wuyan waɗannan kayan sumul yake, yaro yana koyo ta zama kusa da ubangidansa har hannunsa ya gane inda sauti yake. Jita ta bambanta. Tsirkiyoyinta shida ne, an kuma gindaya siraran ƙarafa kimanin ashirin a wuyanta, waɗanda suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar karan rake. Makaɗa na kiran kowace gaɓa firet. Shida sau ashirin ya haura wuri ɗari da yatsa zai iya sauka, kuma kowane wuri yana da adireshi tabbatacce: tsirkiya kaza, gaɓa kaza. Abin da ke da adireshi kuwa yana rubutuwa.

Kafin a karanta komai sai an san lambobin tsirkiya. Ana fara ƙirga daga mafi siranta, wadda ke ƙasa kusa da cinya idan an rungumi jita. Ita ce ta 1. Mafi kauri, wadda ke sama kusa da ƙirji, ita ce ta 6. A saitin da duniya ta saba da shi, sautukansu daga ta 6 zuwa ta 1 su ne E, A, D, G, B, E. Duk wani tab ko zanen kod da bai ambaci wani saiti ba, wannan yake nufi, kuma idan jita ba ta kan saitin, to daidai karatu ma kuskure zai fitar. Manhajar saiti a waya ta wadatar, amma tsohuwar hanya ta kunne ta fi ƙaruwa ga mai koyo: a danne tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 5, ya kamata ta yi amo ɗaya da ta 5 a sake, haka ta 5 da ta 4, haka ta 4 da ta 3, sai a ta 3 kaɗai ake danne gaɓa ta 4 don a sami amon ta 2, sannan ta 2 a gaɓa ta 5 ta ba da amon ta 1. A Kano wannan aiki na kullum ne, musamman da hunturu, lokacin da katako ke bushewa ya motsa, saiti ya zame tsakanin safe da yamma. Gaɓoɓi kuma ana ƙirga su daga kan jita zuwa cikinta, ɗigon da ke gaɓa ta 3, 5, 7, 9 da 12 suna taimaka wa ido. Gaɓa ta 12 ita ce rabin tsawon tsirkiya, a nan sautin farko ke dawowa da siririyar murya.

Tab hoton wuyan jita ne a kwance. Layi shida, kowanne tsirkiya guda, amma layin sama shi ne tsirkiya ta 1, na ƙasa kuma ta 6. Wannan juyi shi ne tuntuɓen farko na kusan kowa, domin a jikin jita mai kauri ce a sama. Hanyar fahimtarsa ita ce a kwantar da jita a cinya, fuskarta na kallon sama, kanta na hagu: tsirkiya mai kauri za ta kasance kusa da ciki, wato a ƙasan abin da ido ke gani, daidai yadda take a takarda. Lambar da aka rubuta a kan layi lambar gaɓa ce. Sifiri na nufin a kaɗa tsirkiyar a sake, ba dannawa. Ana karatu daga hagu zuwa dama, lamba bayan lamba. Idan lambobi suka jeru a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, to tare ake kaɗa su. Ga misalin sautuka biyar, do, re, mi, so, la, da dawowar do, a kan C:

e|-------------------|
B|----------------1--|
G|----------0--2-----|
D|----0--2-----------|
A|-3-----------------|
E|-------------------|

Karatunsa shi ne: tsirkiya ta 5 a gaɓa ta 3, ta 4 a sake, ta 4 a gaɓa ta 2, ta 3 a sake, ta 3 a gaɓa ta 2, ta 2 a gaɓa ta 1. Wanda ya maimaita wannan hawa da sauka zai ji kunnensa ya saba da shi tun da daɗewa, saboda yawancin karin waƙoƙin Hausa a kan sautuka biyar suke tafiya.

Dalilin da ya sa tab ya dace da jita fiye da fiyano shi ne, a fiyano kowane sauti wuri ɗaya yake da shi, a jita kuwa sauti guda yana da gidaje da yawa. E ɗin da tsirkiya ta 1 ke bayarwa a sake, shi ne dai a tsirkiya ta 2 gaɓa ta 5, da ta 3 gaɓa ta 9, da ta 4 gaɓa ta 14. Tsayin amon ɗaya ne, amma kaurin murya ya bambanta, sauƙin kaiwa ga sautin da ke biye ma ya bambanta. Rubutun layi biyar yana faɗin sautin ya bar makaɗi ya zaɓi gida. Tab yana faɗin gidan kai tsaye.

Wannan dabara ba ta zamanin waya ba ce. Malaman Bagadaza da suka yi rubutu a kan udu, abin kiɗan Larabawa mai tsirkiya, tun daga al-Kindi a ƙarni na 9 zuwa al-Farabi, har Safiyyuddin al-Urmawi mai Kitab al-Adwar a ƙarni na 13, suna bayyana sauti ne ta ambaton tsirkiya da wurin dannawa, suna kiran wuraren da sunayen yatsu: sabbaba, wusɗa, binsir, khinsir, tsirkiya a sake kuma muɗlaƙ. A Turai, Ottaviano Petrucci ya buga littafin tab na Francesco Spinacino a Benis a 1507. Italiyawa sun yi amfani da lambobi, Faransawa da haruffa. Luis Milán, a littafinsa El Maestro da ya fito a Balensiya ta Sifen a 1536, ya sa lambobi, ya kuma ɗora siririyar tsirkiya a layin sama, tsarin da ake bi yau. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki tab a matsayin rubutun ragwaye, kamar yadda wasu masu ilimin layi biyar ke yi. Ya girmi jitar zamani da ɗaruruwan shekaru.

Ban da lambobi, akwai 'yan haruffa da ke bayyana yadda yatsa zai taɓa tsirkiya. Harafin h tsakanin lambobi biyu, kamar 5h7, yana nufin a kaɗa a gaɓa ta 5 sannan a sauke wani yatsa da ƙarfi a gaɓa ta 7 ba tare da sake kaɗawa ba. Harafin p akasinsa ne: 7p5 na nufin a fizge yatsan da ke gaɓa ta 7 domin sautin ta 5 ya fito. Karkataccen layi, 5/7, zamiya ce daga gaɓa zuwa gaɓa, yatsa bai bar tsirkiya ba. Harafin b, kamar 7b9, na nufin a tura tsirkiyar gefe har amonta ya hau zuwa na gaɓa ta 9. Alamar ~ girgiza sauti ce, x kuma bugu ne a kan tsirkiyar da aka taɓa ba a danne ba, sai ta ba da ƙwas maimakon amo. Mai son salon Abzinawa ya daɗe a kan h da p, domin kwarararsa daga nan take fitowa: babban yatsa na riƙe da sauti guda mai kauri yana ta maimaitawa, sauran yatsu na yin ado a siraran tsirkiyoyi. Wasu makaɗan wannan salo sukan ɗaga tsirkiya ta 6 daga E zuwa G, abin da ke sa tab ɗinsu ya ƙi zama a jitar da ke kan saitin gama-gari.

Babban gibin tab shi ne lokaci. Tab ɗin da aka rubuta da haruffan kwamfuta, irin wanda ya cika intanet tun farkon shekarun 1990, ba ya faɗin tsawon da kowane sauti zai yi, ba ya faɗin inda za a yi shiru, ba ya faɗin wane sauti ne ke da nauyi. Tazarar da marubuci ya bari tsakanin lambobi ishara ce kawai, ba ma'auni ba. Manhajoji irin su Guitar Pro da Songsterr suna ƙara alamun lokaci a ƙarƙashin layuka, suna kuma kunna sautin, amma waƙoƙin da ke cikinsu galibi na Turai da Amurka ne. A kiɗan Afirka ta Yamma wannan gibi ya fi zafi, saboda ransa a lokaci yake. Layin jitar hailaif na iya zama sautuka shida ko takwas kacal da ake ta juyawa, yaro zai haddace lambobinsu cikin minti goma. Abin da ke ɗaukar watanni shi ne sanin cewa wannan sautin yana shigowa gab da bugu, wancan kuma bayansa kaɗan. Haka salon Kwango da makaɗan cocin Nijeriya ke kira makosa, haka kuma woro na Yarabawa, inda kowane bugu ke rabuwa uku maimakon biyu. Lambobi iri ɗaya, idan aka kaɗa su a rabon biyu da rabon uku, waƙa biyu ce dabam. Ka'idar da ta fi amfani ita ce kada a buɗe tab ɗin waƙar da ba a saurara ba har ta zauna a ka. Mai koyo ya iya rera layin da baki, yana buga ƙafa a kan bugu, kafin ya nemi inda yatsu za su je. A nan tsohuwar hanyar koyon gurmi da garaya ta fi takarda gaskiya, kuma bai kamata ɗan Kano ya yar da ita don ya sami rubutu ba.

Kod sautuka ne uku ko fiye da ake kaɗawa tare. Sunansa yana farawa da harafin sautin da aka gina shi a kai. Sautukan kiɗan Turawa goma sha biyu ne: haruffa bakwai daga A zuwa G, da biyar da ke tsakaninsu, waɗanda ake rubutawa da alamar # idan an hau gaɓa guda, ko ƙaramin b idan an sauko gaɓa guda, makaɗa na cewa shaf da filat. Babu komai tsakanin B da C, haka tsakanin E da F. Harafi shi kaɗai, kamar C, kod ne mejo, mai amo a buɗe. Sautukansa C, E, G. Idan an ƙara ƙaramin m, kamar Am, ya zama maino, mai amo a lulluɓe; sautukansa A, C, E. Bambancin mejo da maino gaɓa guda ce tak a sautin tsakiya, kuma jita na nuna haka a fili: E da Em yatsa ɗaya ne ya raba su, wanda ke tsirkiya ta 3 gaɓa ta 1. A ɗaga shi, mejo ya koma maino.

Zanen kod hoton wuyan jita ne shi ma, amma a tsaye, kamar an jingina ta da bango ana kallonta. Layukan tsaye su ne tsirkiyoyi, ta 6 a hagu, ta 1 a dama. Layukan kwance su ne ƙarafan gaɓa, na sama mai kauri kuma shi ne mafarin wuya. Baƙin ɗigo wurin dannawa ne. A saman zanen, o na nufin a kaɗa tsirkiyar a sake, x na nufin kada a taɓa ta. Lambar da ke cikin ɗigo ko a ƙasan zane lambar yatsa ce: 1 manuni, 2 na tsakiya, 3 na zobe, 4 ƙarami. Idan kod ɗin yana can tsakiyar wuya, sai a rubuta lambar gaɓar farawa a gefe. Akwai kuma taƙaitaccen rubutu mai lamba shida a jere, daga tsirkiya ta 6 zuwa ta 1, wanda ya dace da saƙon waya: C shi ne x32010, G shi ne 320003, D shi ne xx0232, Am shi ne x02210, Em shi ne 022000, E shi ne 022100, A shi ne x02220, Dm shi ne xx0231. A wannan rubutu lambobin na gaɓa ne, ba na yatsa ba. Waɗannan kod takwas sun isa raka waƙoƙi masu yawan gaske.

Sauran abin da ake liƙa wa suna ƙari ne a kan wannan tushe. G7 shi ne G da aka ƙara wa sauti na huɗu mai jan kunne zuwa C, ana danna shi 320001. Cmaj7 ya fi taushi, x32000. Dsus4, wato xx0233, yana rataye kunne har sai an koma D. Karkataccen layi a sunan kod, kamar G/B, ba zaɓi yake bayarwa tsakanin biyu ba: kod ɗin G ne, amma B ne sautinsa mafi kauri, x20003. A ƙungiyar da ke da mai jitar bes, shi ke ɗaukar harafin da ke bayan layin, ɗan koyo na iya kaɗa G ɗinsa kawai ba tare da ya ɓata komai ba.

Kod ɗin da ke sa mutane da yawa jingine jita shi ne F, 133211, inda manuni ke kwanciya ya danne tsirkiyoyi shida a gaɓa ta 1. A zane ana nuna wannan da layi mai kauri ko baka da ya ratsa tsirkiyoyin. Wahalarsa gaskiya ce, kuma sau da yawa laifin jitar ne: mai araha takan zo da tsirkiyoyi nesa da wuya, sai an rage tsayin jakinta kafin ta danu. Kafin hannu ya yi ƙarfi, xx3211 ko ma xx3210 na iya tsayawa a madadinsa. Amma ladan F babba ne, domin siffarsa tana tafiya: a matsar da ita gaɓa ta 3 ta zama G, gaɓa ta 5 ta zama A. Siffa guda ta buɗe kod goma sha biyu.

A takardar waƙa, ana rubuta sunan kod a saman kalmar da za a canja a kanta. Wani lokaci akan raba da layukan tsaye, | C | F | G | C |, kowane ɗaki bugu huɗu idan ba a faɗi wani abu ba. Kod biyu a ɗaki guda sun raba bugun biyu-biyu. Kibiyoyi ko haruffan D da U suna nuna saukar hannun dama da hawansa, kuma wannan D ba shi da alaƙa da kod ɗin D ko tsirkiyar D. A waya, canjin girman rubutu yakan gusar da sunan kod daga kan kalmarsa, don haka a nan ma kunne ne alƙali.

Hanya ta uku ita ce ta cocin Sabon Gari, kuma ita ce mafi amfani ga mai son kiɗa da jama'a. Asalinta tsarin sol-fa ne da Sarah Glover ta fara a Norwich, John Curwen ya faɗaɗa shi a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, 'yan mishan kuma suka kawo shi cikin littattafan waƙoƙin coci. Ana rubuta shi d, r, m, f, s, l, t. Sirrinsa shi ne do ba ya da mazauni guda: duk sautin da waƙa ta ɗauka a matsayin gida, shi ne do. Wannan gida shi ake kira ki. Makaɗa sukan maye sunayen da lambobi, do 1, re 2, har ti 7, tsarin da ya yi daidai da wanda makaɗan situdiyo na Nashville a Amurka suka tsara a ƙarshen shekarun 1950. Idan mai fiyano ya ce ki G, ya ɗaga yatsu ko ya kira 1, 4, 5, 6, mai jita ya san G, C, D, Em ake nufi. Idan mai waƙa ta ga ya yi mata ƙasa aka koma C, lambobin ba su canja ba, sai dai yanzu C, F, G, Am ne. A D kuma, D, G, A, Bm. A al'ada 1, 4 da 5 mejo ne, 2, 3 da 6 maino. Wanda ya haddace waƙa da haruffa ya haddace ta a ki guda. Wanda ya haddace ta da lambobi ya mallake ta a duk goma sha biyun. Wannan ya fi muhimmanci inda mawaƙi ke ɗaga waƙa daga duk inda muryarsa ta faɗa, makaɗa su bi shi.

Akwai tarko a nan ga mai hulɗa da makaɗan Nijar. A tsarin Faransa, wanda ake bi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, Do, Ré, Mi, Fa, Sol, La, Si sunaye ne tsayayyu: Do kullum C ne, Sol kullum G, Lam kuma shi ne Am. Idan ɗan Sabon Gari ya ce a koma do, gidan waƙa yake nufi, ko G ne ko D. Idan ɗan Maraɗi ya ji, C zai danna. Tambaya guda kafin a fara, wato wane ki ake ciki, tana kashe wannan rigima.

Kafo, ɗan maƙalin da ake ɗaurawa a wuya ya danne duk tsirkiyoyi, yana ba ɗan koyo damar bin mawaƙi da siffofin da ya riga ya iya. Kowace gaɓa da aka matsar da shi tana ɗaga amo mataki guda: siffar G da kafo a gaɓa ta 2 tana fitar da A, siffar C kuma D. A yawancin tab, idan an ambaci kafo, daga shi ake fara ƙirga, sifiri na nufin tsirkiya a sake daga kan kafon. Mai jita da ke kaɗa siffar G da kafo a 2 dole ya gaya wa mai fiyano cewa A ake ciki.

Daga duk wannan za a ga cewa lamba guda tana da ma'ana huɗu. Lamba 3 a tab gaɓa ce, a cikin ɗigon zanen kod yatsan zobe ne, a bakin malami tana iya zama tsirkiyar G, a bakin mai fiyanon coci kuma kod na uku ne a ki, wato Em idan ana C. Littattafan jitar gargajiyar Sifen sukan sa lambar tsirkiya cikin da'ira, su kira yatsun hannun dama p, i, m, a, don rage wannan cuɗanya. Mai koyo ya saba da tambayar kansa, kafin ya motsa hannu, wane irin rubutu ne a gabansa.

Game da jerin koyo, abin da ya fi dacewa shi ne a fara da saiti da sunayen tsirkiyoyi, sannan kod biyu masu sauƙin canji kamar Em da G ko Am da C, ana juya su a hankali a kan bugu har canjin ya daina yanke lokaci. Bayan haka tab na gajerun layuka, sannan lambobi a ki biyu, G da C. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar hutu, saboda kan yatsu na buƙatar yin kanta a hankali. A yanke farcen hannun hagu, a danna kusa da ƙarfen gaɓa ta bayansa, ba a kansa ba. Bahago da ya juya jitarsa zai karanta tab yadda yake, amma zanen kod sai ya juya shi a ransa kamar a madubi. Ya kamata kuma a san cewa yawancin tab da ke wurare irin su Ultimate Guitar masu sha'awa ne suka rubuta da kunnensu, kuskure a cikinsu ba abin mamaki ba ne. Idan takarda da faifai suka saɓa, faifai ake bi.

Waƙoƙin Hausa kuwa, na gargajiya da na situdiyo, kusan babu tab ɗinsu, don haka mai son kaɗa su shi zai rubuta da kansa. Aikin ba shi da wuya yadda ake zato. Da farko a nemo sautin da waƙar ke sauka a kai a ƙarshen baiti, shi ne gidanta. Sannan a gwada karin a cikin siffar sautuka biyar, wadda a kan Am take haka: gaɓa ta 5 da ta 8 a tsirkiya ta 6, ta 5 da ta 7 a tsirkiya ta 5 da ta 4 da ta 3, sannan ta 5 da ta 8 a tsirkiya ta 2 da ta 1, a matsar da siffar sama ko ƙasa har ta hau kan muryar mawaƙi. Wasu sautukan goge da kukuma za su faɗa tsakanin gaɓa biyu, tunda wuyansu ba ƙarfe. Zamiya ko ɗan tura tsirkiya ne ke kusantar da su, sai a rubuta / ko b a wurin. Kada a tilasta wa irin wannan waƙa kod huɗu don an saba da su: da yawa kod ɗaya ko biyu suke so, ko sauti mai kauri guda da ake maimaitawa, kuma hawa da saukar karin suna bin hawa da saukar kalmomin Hausa, abin da yawan canjin kod ke iya dusashewa. A saman takardar a rubuta abu huɗu da tab ba ya faɗa da kansa: saitin tsirkiyoyi, ki, gaɓar kafo idan akwai, da ko bugu yana rabuwa biyu ne ko uku. A ƙarƙashin layukan kuma a jera ƙirgar bugu, 1, 2, 3, 4, kowace lamba daidai ƙasan sautin da ya faɗa a kanta, domin wanda zai karɓi takardar ya san inda zai shiga.